In ka kama ɓarawo a gidanka: ina kare kai ya ƙare, ina hukunci ya fara

Wajen ƙarfe uku na dare ne lokacin hunturu aka ƙwala ihun ɓarawo a layinmu. Kafin in laluba silifas ɗina in fito har an rutsa shi a lungun bayan masallaci, yaro ne da bai wuce sha tara ba, ga batirin sola a yashe gefen kwata wanda ya kunto daga gidan maƙwabcinmu. Wannan ya kawo gora, wancan taɓarya, wani ko riga babu a jikinsa amma ya tuna ya ɗauko bel, ana ta dukan kawo wuƙa yaron na ta "ku yi mun rai, don Allah ku yi mun rai" har muryar ta fara shaƙewa. Can sai na ji wani daga baya yana cewa a kawo taya. Wanda ya faɗa ɗin ma ba ɗan layinmu ba ne, wallahi har yau ban san daga ina ya ɓullo ba.

Ladaninmu, tsoho ne da ƙyar yake hawa matakalar masallaci, shi ya ratsa mutane ya je ya zauna daram a kan yaron ya baza babbar rigarsa ya rufe shi. Ya ce "samari duk mai son dukansa ya fara da ni." Wani ya ce Baba ka tashi mana, ɓarawo ne fa. Ya ce na ji, ai ga kayan nan kun karɓe, yanzu kuma me kuke karewa?

Wannan tambayar ta Baba ita ce duk abin da zan yi magana a kai. Haƙƙin kare kai gaskiya ne, addini ya ba ka, dokar ƙasa ta ba ka, amma yana da rai ne muddin haɗarin yana da rai. Da zarar ɓarawo ya faɗi, ko ya jefar da wuƙa, ko an ɗaure shi, toh haƙƙin nan ya mutu, abin da ya biyo baya sunansa hukunci, shi kuma hukunci ba a hannunka yake ba. Bari mu bi abin daki-daki tun daga lokacin da ka ji motsi.

Da ka ji ƙarar faɗowar mutum ta katanga ko ana taɓa kwaɗo, kar ka zabura ka fita tsakar gida da adda kai ga jarumi. Ba ka san su nawa ba ne, ba ka san me ke hannunsu ba, su kuma sun shirya kai daga barci ka tashi. Tara iyali a ɗaki ɗaya mai ƙofar kirki ka danna sakata, ka kira maƙwabci da 'yan sintirin unguwa da lambar caji ofis ɗin yankinku, akwai kuma 112 ta gaggawa. Lambobin nan tun yau za ka adana su a waya, ba sai daren ba ka tsaya kana lalube hannu na rawa. Sannan ka kunna fitila ka ɗaga murya. Yawancin ɓarayin unguwa masu ɗaukar tukunyar gas da kan famfo da waya a caji, ihu kaɗai ya ishe su su haura su gudu.

Wani zai ce wannan ai tsoro ne. A'a, tsarin da aka koyar kenan. A hadisin da Nasa'i ya ruwaito wani mutum ya tambayi Annabi (SAW) game da wanda ya zo zai ƙwace masa dukiya, aka ce ka tuna masa Allah, ya ce in bai ji ba fa, aka ce ka nemi taimakon musulmin da ke kusa da kai, ya ce in babu kowa fa, aka ce ka nemi taimakon hukuma, sai da ya ce in hukuma ta yi nisa fa sannan aka ce ya yi faɗa don kare dukiyarsa. Ka ga faɗan shi ne na ƙarshe a layi. Malaman Malikiyya ma da suka zo babin tunkuɗe mai kawo hari, gargaɗi suka sa a gaba in dai maharin mai fahimtar magana ne, sannan a tunkuɗe shi da mafi sauƙin abin da zai tsayar da shi. Dokar laifuka ta Final Kod da Arewa ke aiki da ita tun 1960 ita ma haka ta ce a sashe na 63, babu haƙƙin kare kai a inda akwai lokacin da za a nemi kariyar hukuma. (Lambobin sassan da zan riƙa kawowa na tsohon kundin ne, wasu jihohi irin Kaduna da ta sabunta nata a 2017 lambobin sun ɗan matsa, amma maganar ɗaya ce.)

Toh in abin ya wuce nan, ya ɓalle ƙofa ya shigo maka da makami, nan kam ba wanda zai ce ka naɗe hannu. Sashe na 59 ya ce duk abin da aka yi cikin halattacciyar kare kai ba laifi ba ne, na 60 ya ce kana iya kare jikinka da jikin wani da dukiyarka da ta wani. Kundin tsarin mulki na 1999 a sashe na 33, wanda shi ne ya ba kowa haƙƙin rayuwa, shi da kansa ya ware wanda ya mutu sakamakon ƙarfin da ya zama dole wajen kare mutum daga hari ko kare dukiya. A hadisin Muslim kuwa da mutumin ya ce in ya kashe ni fa, aka ce kai shahidi ne, in na kashe shi fa, aka ce yana wuta. Magana a fili.

Amma ga inda mutane ke zamewa. Sashe na 62 na Final Kod ya ce kar cutarwar da za ka yi ta wuce abin da ake buƙata don karewar. Kuma kare kai ba ya kaiwa ga kisa sai a wurare ƙididdigaggu: in kana tsoron za a kashe ka ko a ji maka mummunan rauni, ko fyaɗe, ko za a sace mutum, a ɓangaren dukiya kuma fashi, fasa gida da dare, cinna wa gidan da ake kwana wuta, ko satar da ta zo da yanayin da hankali zai ba ka cewa rai na cikin haɗari. Yaron da ya zari kaza da rana tsaka ya ruga ba ya cikin wannan lissafin, haka wanda ya yanki aljihu a kasuwa. Ka bi shi ka kama shi ka karɓi kayanka, wannan daidai ne. Ka narka masa bulo a ka yana gudu ya juya maka baya, wannan kai ma ka san ba rai kake karewa ba.

Abin da nake gaya wa ƙannena shi ne, a tsakiyar faɗan ba wanda ke da ma'auni a hannu, ba za ka tsaya kana auna nauyin gora ba, kuma alƙalai ma sun san da haka. Abu ɗaya kawai za ka riƙe a kai: da ya daina, ka daina. Bugun farko da na biyu da suka kai shi ƙasa za a iya fahimtarsu. Na biyar da na shida da aka yi yana kwance, su ne ke kai mutum gidan yari.

In kana ganin wasa ne ka duba shari'ar Sunday Jackson, manomin nan na jihar Adamawa. Ya ce makiyayi ne ya far masa da wuƙa a gonarsa har ya ji masa rauni, suka yi kokawa ya ƙwace wuƙar ya soke shi a wuya ya mutu. Babbar kotu a Yola ta yanke masa hukuncin kisa a 2021, Kotun Ƙoli ta tabbatar a watan Maris na 2025, hujjar ita ce bayan ya ƙwace wuƙar yana da damar guduwa. Mutane da yawa har da lauyoyi sun soki hukuncin, ni kaina yana mun nauyi, domin wanda ke jina-jina a daji shi kaɗai ba ya tunani irin na wanda ke zaune a ofis da fanka a kansa. A ƙarshen 2025 gwamnan jihar ya yi masa afuwa. Amma ka lura, mutumin da ya ce shi aka fara sara kenan, kuma sai da ya kwashe fiye da shekara goma a tsare. Ina ga wanda ya fito daga gidansa ya tarar an riga an ɗaure ɓarawo ya ce bari shi ma ya sa albarka da faskare?

Sai wata magana a gefe, masu haɗa wa ƙofar shago ko katanga wayar lantarki tsirara da dare. Wuta ba ta san ɓarawo ba, ba ta san almajirin da ya raɓe don ruwan sama ba, ba ta san ɗanka da ya dawo daga kallon ƙwallo ba. Ka sa kwalba ko waya mai ƙaya wadda ido ke gani, ka sa fitila, ka yi kare in kana so. Bindiga kuma ko ta toka ce doka na neman lasisi, in ka harbi ɗan fashi da wadda ba ta da takarda za ka iya tsira a maganar harbin ka maƙale a maganar bindigar.

Yanzu an kama shi, yana hannu. Nan ne aikin gaske yake, domin abokin faɗanka yanzu ba ɓarawon ba ne, taron da ke tahowa ne. Doka ta yarda kai farar hula ka kama wanda ya yi laifi a gabanka, dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta faɗi haka a sashe na 20, amma sashe na 23 ya ce ka miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. Don haka ka raba shi da makami, ka ɗaure hannu kawai ɗaurin da jini zai gudana, ka shigar da shi wuri mai ƙofa, zaure ko shago ko gareji, ka rufe. Mu a daren nan shagon mai cajin waya muka tura shi muka ja ƙofar ƙarfe, Baba ya sa kujera a bakin ƙofar ya zauna da carbinsa. Ka aika a taso mai unguwa da liman ko duk wani dattijo da samari ke jin kunyarsa, fuska ɗaya da ake jin nauyi ta fi majiya ƙarfi goma amfani a irin wannan lokacin. Ka sa ido kan baƙin fuska, kusan kullum mai cewa a kawo fetur ba shi aka yi wa sata ba, wani lokacin ma abokin ɓarawon ne ke so a rufe bakinsa kafin ya ambaci suna.

Kar ka ce sai ya faɗi su waye abokansa da bulala. Wanda ake duka zai ambaci sunan duk wanda ya faɗo masa a rai, har da wanda suka yi faɗa jiya a kan budurwa, kuma furucin da aka samu da duka lauya zai yi fatali da shi a kotu. Kayan da aka kama shi da su a bar su yadda suke, a ɗauki hoto, a ɗauki hoton katangar da ya hauro da kwaɗon da ya fasa, a rubuta sunan mutum biyu ko uku da suka gani da ido. In ya ji rauni a kai shi asibiti tare da 'yan sanda, in raunin harbi ne akwai dokar 2017 da ta wajabta wa asibiti karɓarsa ba sai an jira rahoton 'yan sanda ba. Ransa a wannan daren kariyarka ne kai ma, in ya cika a zaurenka sunanka za a fara rubutawa. Masu cewa ai taro ne ba a san wanda ya kashe ba, su sani sashe na 79 na Final Kod ya ce in mutane suka haɗu da niyya ɗaya suka yi laifi kowannensu kamar shi kaɗai ya aikata, kuma yanzu kowa da waya a hannu, bidiyon da kuke ɗauka kuna dariya shi ne shaidar. A Aluu ta jihar Ribas an kashe ɗaliban jami'ar Fatakwal huɗu a 2012 bisa zargin sata, a 2017 kotu ta yanke wa mutum uku hukuncin kisa har da sajan ɗin 'yan sanda, ga kuma bidiyon da duniya ta gani.

In tsautsayi ya gitta a wajen kare kan naka har mutum ya mutu, kar ka gudu kar ka taɓa gawa. Kai da kanka za ka kai rahoto, ka nuna raunukan jikinka a rubuta su a asibiti tun ba su warke ba, ka nemi lauya kafin ka ba da sitatimen, in ba ka da hali akwai hukumar ba da tallafin lauya ta gwamnati. Kar ka sa hannu a takardar da ba a karanta maka da harshen da kake ji ba. Ka kuma shirya wa ranka cewa za a tsare ka, domin kare kai hujja ce da ake kafawa a gaban alƙali, ba ta hana kamu. In kotu ta ga da zuciya ɗaya ka yi amma ka zarce iyaka, sashe na 222 na Final Kod na sauko da laifin daga wanda hukuncinsa kisa ne zuwa na ɗauri.

Na san abin da ke ranka, don ni ma na sha faɗa: mu kai shi caji ofis gobe mu gan shi a majalisa yana shan shayi yana harararmu. Yana faruwa, ba ƙarya ba ne, wani lokacin kuɗi ne ya yi aiki. Amma sau da yawa mu ne ba ma bin maganar, mai kaya ya karɓi kayansa ya ce shi ba ya son zirga-zirga, shaidu kowa ya noƙe, toh ɗan sanda da doka ta ce ya kai mutum kotu cikin kwana ɗaya ko biyu ya riƙe shi da wace hujja? Beli kuma ba wanke laifi ba ne. In kuna so a hukunta shi ku bi shi har gaban majistare, ku yi karo-karon kuɗin mota wa shaidu kamar yadda kuke yi wa 'yan sintiri.

Wasu kan ce ai hukunci ma kare kai ne, al'umma ce ke kare kanta, in an ƙona ɗaya saura za su shiga taitayinsu. Rabin maganar gaskiya ne, Alƙur'ani ya ce a cikin ƙisasi akwai rayuwa, wato tsoron hukunci na hana ɓarna. Sai dai abubuwan biyu ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Kare kai ba ya tambayar laifi, in mahaukaci ya taso maka da adda za ka tunkuɗe shi ko da bai san abin da yake yi ba, in sa ne ya ɓalle ma haka. Hukunci kuwa ba ya halatta sai an san shi ne ya yi, an san da hankalinsa ya yi, an san me ya kai shi, sannan a auna masa daidai laifinsa. Mahaukacin nan da ka buge ka tsira, ba alƙalin da zai yi masa haddi. Duk waɗannan sanin ba mai samunsu ƙarfe uku na dare da tocila a hannu da zuciya a wuya.

Dubi haddin sata kansa da muke yawan ambata. Sai kayan sun kai nisabi, rubu'in dinari ko dirhami uku, sai an ɗauke su daga ma'ajiyarsu, sai shaidu ko iƙirari, kuma shubuha kaɗan na tunkuɗe shi, kuma shugaba ko alƙalinsa ne ke tsayar da shi ba mai kaya ba. Lokacin Sayyadina Umar bayin wani mai suna Haɗib sun saci taguwar wani mutumin ƙabilar Muzaina suka yanka suka ci, har an yi umarnin yanke hannu sai Umar ya lura yunwa ubangidansu ke gasa musu, ya fasa, ya ci Haɗib tarar ninki biyu na kuɗin taguwar, dirhami 800 maimakon 400. Da a layinmu aka kama su wa zai tsaya tambayar ko sun ci abinci? Kuma ko an cika duk sharuɗɗan nan hukuncin bai kai rai ba, balle wuta. Wanda aka kashe wa ɗan'uwa ma, da Allah ya ba shi iko cewa aka yi kar ya wuce iyaka wajen kisa.

Wani Bature ɗan Ingila, John Locke, ya yi irin wannan tunanin tun 1689, ya ce a inda babu hukuma kowa na da ikon hukunta mai laifi, amma matsalar ita ce mutum ba ya adalci in shi ne alƙali a shari'ar kansa, son kai da fushi za su ja shi ya zarce, don haka ne mutane suka miƙa wannan ikon ga hukuma suka riƙe na kare kai a inda hukuma ba za ta iso a kan lokaci ba. Mu da muka ga abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 ba ma buƙatar Bature ya faɗa mana. Mafarauta 16 'yan Arewa suna hanyar komawa gida Kano yin sallah, 'yan sintiri suka tare motarsu suka ga bindigogin farauta aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe su aka ƙona. Mutanen da suka yi wannan aika-aikar su ma a ransu garinsu suke karewa. Duk wanda ya yi kuka da Uromi sannan ya dawo unguwarsu yana neman taya don an ce wani ya ƙwaci waya, ya zauna ya yi wa kansa bayanin bambancin.

Rana dubu ta ɓarawo rana ɗaya ta mai kaya, haka ne, amma ranar mai kayan a kotu ake cinta. Namu yaron motar 'yan sanda ba ta iso ba sai bayan an idar da asuba, Baba a bakin shagon ya yi sallarsa, wani ne ya kira sallar a madadinsa. Maƙwabcin namu ya je kotu sau uku, ana ɗage zama yana tsaki yana cewa da ya sani da ya bar batirin, mu biyu muka raka shi ba da shaida, a zama na ƙarshe yaron ya amsa laifinsa aka ɗaure shi 'yan watanni. Batirin kuwa sai da ya yi kusan wata huɗu a ɗakin ajiye kayan shaida, da aka dawo da shi ya riga ya daina riƙe caji.